A Ɗaga Eriya Tun Kafin Ruwa Ya Iso

Jama'a, ku tuna daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci. Ya mamaye Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. A kwanakin da suka biyo baya, bayan yunwa da ƙishirwa, akwai wata azaba da ba a cika ba da labarinta ba: uwa ba ta san inda 'ya'yanta suke ba, mai kwalekwale bai san rufin da mutane suka maƙale a kai ba, wanda ke Kano ko Abuja yana ta danna lambar mahaifinsa ana ce masa a kashe take. Wayoyi sun jiƙe, waɗanda ba su jiƙe ba caji ya ƙare.

Wata guda bayan haka, a Oktoban 2024, layukan da ke kawo wutar lantarki Arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwana fiye da mako cikin duhu. Kafin nan, ranar 14 ga Maris na shekarar 2024, manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka kasa aiki yadda suka saba. A Nijar, ambaliyar daminar 2024 ta ci rayukan mutum fiye da 300, ta yanke hanyoyin shiga Yamai, ta rushe tsohon masallacin Damagaram. 'Yan uwanmu na Sudan sun ga yadda aka wayi gari a Fabrairun 2024 layukan waya sun ɗauke a kusan ƙasar baki ɗaya, ana tsakiyar yaƙi. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya share wani ɓangare na Mokwa da asuba. Mutanen Zamfara kuwa ba sai an yi musu bayanin rayuwa ba sabis ba, sun ɗanɗana a Satumban 2021.

Wayar da ke aljihunka ba ita kaɗai ke aiki ba. Tana dogara da eriyar kamfani, eriyar na dogara da man dizal da batir, tana kuma dogara da wayar da aka binne a ƙasa har zuwa wata cibiya mai nisa. Ko ɗaya daga cikinsu ya faɗi, shi ke nan. Kuma ranar masifa ce ranar da suke faɗuwa tare, ranar da kowa ke son kira a lokaci guda.

Akwai hanyar magana da ba ta bi ta hannun kowane kamfani. Daga akwatin rediyonka zuwa akwatin wanda kake magana da shi, babu komai a tsakani sai iska. Ita ce rediyon masu sha'awa, wadda duniya ta sani da rediyon ham: mutum ya yi karatu, ya ci jarrabawa, gwamnati ta ba shi lasisi da lambar kira, ya kafa tasharsa a gida, ba don kasuwanci ba. Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris tun 1925. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ware musu zanguna nasu, kuma kowace ƙasa tana da harafin da lambobinta ke farawa da shi: Najeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Wato an riga an ware mana wuri. Mu ne ba mu zauna ba.

Abin da ke ci min rai ke nan. Kaf Afirka da wuya a sami al'ummar da ta riƙi rediyo kamar Hausawa. Sashen Hausa na BBC ya fara tun 1957, na Muryar Jamus 1963, na Muryar Amurka 1979, ga Rediyon Kaduna da kakanninmu suka tsufa da ita. Manomi a kunya, makiyayi a bayan garke, mai shayi a bakin tasha, kowa da akwatinsa. Tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya san mita 16 da mita 25 da mita 41, ya san zangon da ya fi fita da hantsi da wanda ya fi fita da dare, ya san ya ɗaura guntun waya a eriya idan murya ta yi nisa. Wannan fa rabin ilimin ne! Shekara kusan saba'in muna kasa kunne wasu na magana. Yaushe za mu riƙe makirfon da hannunmu?

Ku ji abin da wasu suka yi da shi. A Disamban 2004 wata Ba'indiya, Bharathi Prasad, ta jagoranci ayarin 'yan ham zuwa tsibiran Andaman, wurin da gwamnatin Indiya ta yi shekaru tana hana irin wannan aiki saboda dalilan tsaro. Sun je ne don sha'awa kawai. Ranar 26 ga watan girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka afka wa yankin, layuka suka mutu. Nan take suka juya tasharsu ta koma hanyar isar da saƙo tsakanin garin Port Blair da ke tsibiran da sauran Indiya: wane yana raye, wane ba a gan shi ba, wuri kaza na buƙatar magani. Abin da hukuma ta daɗe tana yi wa kallon zargi, shi ya zama abin dogaronta a wancan makon. A 2017 guguwar Mariya ta kashe kusan kashi 95 cikin 100 na eriyoyin waya a tsibirin Puerto Rico. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta nemi taimakon ƙungiyar 'yan ham ta Amurka, ARRL, aka tura mutum 22 da akwatuna da batura da wayoyin eriya, suka haɗu da 'yan ham na tsibirin suna haɗa asibitoci da ma'aikatan gyaran wuta. Haka aka yi a girgizar ƙasar Nepal ta 2015, haka a ta Turkiyya ta Fabrairun 2023. Babu ɗayansu da ya koyi aikin ranar da abin ya faru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ina roƙon ku tsaya ku fahimci yadda abin ke aiki, don kada wani ya sayar muku da abin da ba zai yi amfani ba.

Oba-oba ta hannu, irin wadda muke gani wurin masu gadi da 'yan agaji, tana aiki ne a zangon da ke tafiya a miƙe. Wadda 'yan ham ke amfani da ita a yankinmu tana tsakanin megahaz 144 da 146, ƙarfinta bai cika wuce wat 5 ba. A cikin gari, tsakanin gine-gine, 'yan kilomitoci kaɗan za ta kai ka. Duk wanda ya ce maka za ta kai ka Kaduna daga Kano, kuɗinka yake so. Amma idan aka ɗora na'urar maimaita murya a wuri mai tsayi, ta karɓa a wani zango ta sake watsawa a wani, sai ƙaramar oba-oba ta ratsa gari da ƙauyukan kewaye. Allah ya ba mu duwatsu: Dala da Goron Dutse a Kano, Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara, ga tsaunukan Jos. Na'ura ɗaya mai aiki da sola a kan dutse ɗaya, da izinin hukuma, ta isa ta haɗa 'yan agajin babban birni.

Babban aikin yana ga gajeren zango, kuma a nan nake son matasa masu kaifin basira su buɗe kunne. A can sama, daga kilomita 200 zuwa 400, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke sa wa caji, wanda ke maido da igiyar rediyo ƙasa. Shi ya sa kake jin London a Gumel. Mai neman ƙasashe masu nisa yakan ɗaga eriyarsa sama sosai don igiyar ta fita a karkace ta dira can nesa. Amma ranar ambaliya ba Japan kake nema ba, hedkwatar jiharka kake nema, da garin da ke bayan gulbi. Don haka sai a yi akasin haka: a shimfiɗa eriyar ƙasa-ƙasa, tsayin mita 3 zuwa 5 kacal, igiyar ta tashi sama sak ta dawo ta bazu a kewaye, kamar ka haska tocila a silin haske ya cika ɗaki. Da wannan dabara tasha ɗaya a Kano za ta iya jin Katsina da Damagaram da Maraɗi da Gusau da Kaduna da Jos da Bauchi da Haɗeja, duk abin da ke cikin kilomita 300 zuwa 400, ba ruwanta da dutse ko daji ko gadar da ta karye. Da rana a hau megahaz 7, maƙwabcin mita 41 da iyayenmu suka sani. Da dare a sauko wajen megahaz 3.7. Eriyar kuma ba wani abin a-zo-a-gani ba ce: wayar jan ƙarfe guda biyu, kowace mita 10 don zangon rana, kowace kusan mita 20 don zangon dare, a ɗaure tsakanin darbejiya da katanga. Har an amince da wuraren haɗuwa idan masifa ta auku a yankinmu na Afirka da Turai: kilohaz 3760, 7110 da 14300. Ku rubuta su a bangon ɗakin rediyo.

Murya ba ita kaɗai ba ce. Idan ka haɗa akwatin da kwamfuta, tsarin Winlink zai ɗauki wasiƙarka ta imel ta iska ya kai ta wata tasha mai nisa inda intanet ke aiki. Jerin sunayen waɗanda aka ceto, sunayen magunguna, adadin buhunan da ake buƙata, duk su isa a rubuce babu kuskuren ji. Akwai kuma JS8Call, da ke aika gajeren rubutu ko da siginar ta yi raunin da kunne ba zai ji komai ba sai shuu. An gina shi ne a kan tsarin FT8, wanda Joe Taylor, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da abokin aikinsa a 2017. Ga kuma wata ni'ima da ke rataye a kanmu ba mu sani ba. A Nuwamban 2018 Qatar ta harba tauraron ɗan'adam Es'hail-2, ɗauke da na'urar da aka keɓe wa 'yan ham, suna kiran ta QO-100. Yana tsaye wuri guda a saman tsakiyar Afirka, yana ganin duniya daga gabashin Brazil har Thailand. Da kwanon dish irin na kallon ƙwallo da na'urar aikawa mai 'yan wat kaɗan, mai lasisi a Agadas ko Ngaundere zai yi magana dare da rana, kyauta. Turawa na ta hira a kansa. Mu da yake bisa kanmu, muryoyinmu nawa ne a ciki?

Wuta fa? A nan ma mun fi wasu sa'a, domin rana ba ta yi mana rowa. Akwatin gajeren zango mai wat 100 yana aiki da bolt 12, irin na batirin mota. Lokacin da kake magana yana jan kusan amfiya 20, lokacin sauraro kuwa ɗaya zuwa biyu. Ma'aikacin kirki ya fi sauraro, kuma yakan rage ƙarfi zuwa wat 20 idan ana jin sa. Allon sola mai wat 100 zuwa 150 da batir mai kyau sun isa su riƙe tasha kwana da kwanaki. Sai dai a kiyaye: kada a zuƙe batirin ruwa ya wuce rabi, a ajiye shi a inuwa, a riƙa share ƙurar hunturu daga allon. Inbata mai araha da cajar bogi suna zuba ƙara a zango har su toshe kunnen akwatin, don haka a haɗa shi kai tsaye da batir. Idan hadari ya haɗu, a cire wayar eriya a fitar da ita waje, a kuma kafa ƙarfe a ƙasa don tsawa. Mazauna bakin gulbi su ajiye kayan a sama, da jaka a shirye wadda mutum ɗaya zai iya saɓawa ya gudu. Irin wannan tasha ce ta dace da ruga da tungar masunta da ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis, inda mace mai naƙuda ke rasa ranta saboda babu yadda za a kira mota.

Na san abin da ke ran da yawanku, kuma ba zan kauce masa ba. A ƙasar da 'yan bindiga ke yawo da oba-oba a daji, wanda aka gani da eriya a gida zai iya kwana a hannun hukuma. Tsoron yana da tushe. Shi ya sa nake cewa da babbar murya: kada kowa ya sayi na'urar aikawa ya kunna ba lasisi. Laifi ne, kuma zai ɓata wa kowa. Amma ku duba bambancin. Ɗan ham sunansa da adireshinsa suna hannun gwamnati. Doka ta wajabta masa faɗin lambar kiransa duk lokacin da ya hau iska. An hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa, an hana shi ciniki a kai. Ba wurin faɗin farashin shanu ba ne, ba dandalin siyasa ba ne. Duk mai akwati, har jami'in tsaro, yana jin abin da yake faɗa. Ɓarawon daji bai taɓa neman lasisi ba kuma ba zai nema ba. Idan aka toshe hanyar lasisi, mutanen kirki kaɗai aka hana. Tun 2003 dokokin ITU suka ƙarfafa wa gwamnatoci gwiwa su bar 'yan ham su shirya wa aikin agaji, suka kuma halatta musu ɗaukar saƙon wasu zuwa wata ƙasa a lokacin bala'i. Ruwan Komadugu da na Kwara ba su san iyaka ba, haka ruwan da ake sakowa daga madatsar Lagdo ya bi Binuwai. Me zai hana Garwa ta gaya wa Yola, Gaya ta Nijar ta gaya wa Yawuri?

Ya ku hukumomin sadarwa na Najeriya da Nijar da maƙwabta, ku fito da hanyar lasisi fili: ga littafin karatu, ga ranar jarrabawa, ga kuɗin da ɗalibi zai iya biya, ga cibiya a Kano da Maiduguri da Sakkwato da Damagaram, ba sai an je babban birni ba. Ku sanar da 'yan sanda da sojoji da kwastan kamannin takardar, don kada mai ita ya wulaƙanta a shinge. Ya ku NEMA da hukumomin agajin gaggawa na jihohi, kuɗin motar ofis guda ɗaya zai kafa tasha a ƙananan hukumomi da yawa. Ku fara da kwarin Haɗeja da Jama'are, da garuruwan da ke ƙasan madatsun Tiga da Bakolori da Goronyo.

Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa, wannan ba wasan yara ba ne. Marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗan ham ne, lambarsa JY1, kuma ya sha hira da talakawan duniya da bakinsa. A ba mu ɗaki ɗaya a gidan hakimi, a sa albarka, a tsaya wa yaran a gaban hukuma. Allah gafarta malamai da shugabannin coci, kuna da rundunonin 'yan agaji masu horo da biyayya, waɗanda suka saba riƙe oba-oba a filin idi da wajen wa'azi. Ku zaɓi biyar a kowane reshe su yi karatun lasisi. Malaman lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Abdou Moumouni, ɗalibanku na zana eriya a takarda suna cin jarrabawa ba su taɓa jin muryar da ta fito daga cikinta ba. Ku buɗe kulob, ku nemi ƙungiyar 'yan ham ta Najeriya, NARS, ku haɗa hannu. 'Yan sikawut, tun 1958 takwarorinku na duniya ke haɗuwa ta iska, yanzu kowane Oktoba. Ku nemi mai lasisi ya buɗe muku tasharsa. Ku kuma 'yan uwana masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre ta Kano da masu gyaran rediyo na bakin kasuwa, hannun da ke narka dalma a kan allon waya ƙarami kamar farce ba zai gagara haɗa eriya ba. Iyayenmu mata da 'yan mata, ku ne ke gida lokacin da ruwa ke shigowa, ku ne ungozoma da malaman asibiti. Wadda ta riƙe Andaman mace ce.

Amma akwati ba ya ceton kowa idan mai shi bai iya isar da saƙo ba, kuma wannan sai da atisaye. A sa rana ɗaya a mako, a ce Asabar bayan la'asar. Mutum ɗaya ya jagoranci zaman, ya kira tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jira a ba shi dama. A koyi gajarta magana: wane ne kai, daga ina, me ya faru, ƙarfe nawa, mutum nawa, me ake buƙata. Mai karɓa ya rubuta, ya maimaita wa mai aikawa kalma bayan kalma. Abin da ka gani da idonka daban, abin da aka ce maka daban, kuma dole ka faɗi wanne ne. Jita-jita a iska ranar firgici tana iya kashe mutane fiye da ruwan. Sau ɗaya a wata a kashe wutar gida da gangan a yi zaman da batir. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, a kwashi kaya a fita fili, a ɗaga eriya daga farko, a ga minti nawa za a ɗauka, a ga wace waya aka manta a gida. Kowace tasha ta san lambar asibiti da ofishin 'yan kwana-kwana da mai kwalekwale mafi kusa, da wanda zai hau babur ya kai takarda idan ta kama.

Sauraro ba ya buƙatar jiran kowa. Nemi akwatin gajeren zango mai maɓallin SSB, domin na gida na yau da kullum ba ya fayyace muryar 'yan ham. Ɗaura doguwar waya a bishiya, ka murɗa tsakanin kilohaz 7000 da 7200 da yamma, ko wajen 14200 da rana, ka rubuta lambobin da ka ji da lokacin da ka ji su. Ka nemo mutum huɗu a unguwarku masu irin ra'ayinka, cikinsu har da mai gyaran lantarki da ma'aikacin lafiya. Ku rubuta wa hukumar sadarwa takarda da sunayenku kuna neman a yi muku jarrabawa, ku kai kwafi ga hakimi da ofishin agajin gaggawa na jiha. Idan ba a amsa ba ku sake rubutawa, ku kai maganar gidan rediyon garinku. Ranar 18 ga Afrilu ce ranar 'yan ham ta duniya, kuma tana zuwa ne gab da faɗuwar damina. Ku sa ta zama wa'adin da kulob ɗin garinku zai yi zamansa na farko.